Dirki, Giwar Haruna da Tabarmar Malam Hamza

Yankin da ya haɗa Birnin Kudu da Gwaram da garuruwan da ke kewaye da su irin su Wurno, wanda ya faɗa cikin Jihar Jigawa tun ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka yanke ta daga tsohuwar Jihar Kano, ya shafe ƙarnoni yana bakin iyaka, domin a nan ne ƙasar Kano ta dā take tuƙewa kafin a shiga duwatsun Ningi da ƙasar Bauchi. Tarihin irin wannan wuri ya fi zama a bakin dattawa fiye da a takarda, shi kuwa baki ba ya riƙe komai da komai, abin da ya fi liƙe masa shi ne wanda ya ba da mamaki ko ya sa dariya. Ana iya manta shekarar da aka yi wani yaƙi da yawan dawakin da suka fita, amma da wuya a manta malamin da aka ce ya zaro harshensa ya naɗa shi a ka. Haka abin yake a ko'ina cikin duniya, domin mutanen da ba su san komai game da siyasar Abbasiyawa ba sun ji labarin giwar da Haruna Rashid ya aika Turai, waɗanda kuma ba za su iya nuna daular Mali a taswira ba sun ji cewa wani sarkinta ya taɓa karya darajar zinariya a Masar. Ana ba da irin waɗannan labarai ne don nishaɗi, kuma babu aibu a cikin hakan, sai dai kusan kowannensu yana goye da wani al'amari na gaske wanda ya fi shi nauyi, saboda haka mai nazarin tarihi da ya zubar da su don an yi musu ƙarin gishiri ya yi asara kwatankwacin ta wanda ya haɗiye su ba tauna.

Hausawa tun asali sun bambance tsakanin tatsuniya, wadda ake yi wa yara da dare kuma kowa ya san Gizo da Ƙoƙin da ke cikinta ƙagaggu ne, da labari, wanda mai ba da shi yake da'awar ya faru. A tsakaninsu akwai abin da masana adabi suke kira tarihihi, wato labarin da aka rataya shi a wuyan wani mutum ko wani wuri na haƙiƙa amma aka cuɗanya shi da abin da hankali ba zai ɗauka ba, kamar na Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Yawancin shahararrun labaran ban mamaki na duniya a wannan ajin suke, kuma tambayar yadda za a yi da su tsohuwa ce.

Malamin tarihin nan Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya tunkari wannan tambaya a farkon Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377. Misalin da ya kawo shi ne wanda al-Mas'udi ya ruwaito game da Iskandari Mai Girma, cewa lokacin da yake gina birnin Iskandariya dodannin ruwa sun riƙa hana aikin ci gaba, sai ya shiga akwatin gilashi aka zura shi ƙarƙashin teku, ya zana surorinsu, ya fito ya sa aka ƙera gumakan ƙarfe masu kama da su aka jera a bakin gaɓa, dodannin kuwa da suka fito suka ga irinsu sai suka tsere. Ibn Khaldun bai tsaya binciken waɗanda suka ruwaito labarin ba, abin da ya duba shi ne ko al'amarin zai yiwu a ɗabi'ance, ya nuna cewa wanda aka rufe a akwati a ƙarƙashin ruwa numfashinsa zai yanke, kuma sarkin da ke da runduna a bayansa ba zai jefa kansa cikin irin wannan haɗari ba. Wannan ma'auni yana da amfani ƙwarai wajen tantance abin da ya faru da abin da bai faru ba, amma akwai tambaya ta biyu da ba ya amsawa, wato dalilin da ya sa mutane suka ƙagi labarin kuma suka ci gaba da ba da shi, a nan ne kuwa sau da yawa tarihi na gaske yake ɓuya.

Littafin da aka fi sani da Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi ya buga a 1908, cike yake da misalai. Masana da dama suna ganin an tattara shi a surar da aka san shi da ita a ƙarshen ƙarni na 19, daga waƙoƙin fada da kirari da abin da dattawa suka adana. Ya buɗe da Barbushe, wani ƙaton maharbi da ke zaune a Dala, wanda aka ce yana kashe giwa da sandarsa ya ɗora ta a ka ya yi tafiyar da aka ƙiyasta da kusan mil tara. Ma'aunin Ibn Khaldun zai ture giwar nan da nan, amma abin da ya rage bayan an sauke ta yana da yawa: al'ummar da ke rayuwa da farauta a gindin dutse, wurin tsafin Tsumburbura da aka kewaye da katanga ba mai shiga sai Barbushe, hadayar baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, da kuma shugabancin da ya dogara ga sanin asirin wurin bauta kafin zuwan Bagauda, wanda lissafin Palmer ya sa farkon sarautarsa a shekarar 999. Littafin ya taɓo kudancin Kano a zamanin Abdullahi Burja, tsakanin 1438 da 1452, inda ya ce sarkin ya fita ya yi sansani na shekara ɗaya da wata shida a wani wuri da masana da dama suke ɗauka Birnin Kudu ce, kuma Galadima Dawuda ya nausa kudu yana yaƙi yana aiko da bayi dubu duk bayan wata biyu, har ya kafa garuruwa ashirin da ɗaya da waɗanda ya kamo. Lambobin sun yi daidai-wa-daida fiye da yadda yaƙi yake barin lissafi, amma hoton da suka bayar na kudancin Kano a matsayin ƙofar da ake bi a kamo mutane a zaunar da su su yi noma bai saɓa wa abin da ya biyo baya a ƙarnonin gaba ba.

A Birnin Kudu kanta akwai abin mamakin da ido yake iya gani ba sai an ji a baki ba. A shekarun 1950 aka sanar wa duniya zane-zanen da ke jikin kogunan duwatsun garin, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, kuma Bernard Fagg, masanin kayan tarihin da ya kafa gidan adana kayan tarihi na Jos, ya gabatar da bayaninsu a taron masana tarihin dā na Afirka da aka yi a Livingstone a 1955. Yawancin zanen na shanu ne, abin lura kuma shi ne shanu ne marasa tozo, wasu masu dogon ƙaho wasu masu gajere, alhali shanun da Fulani suke kiwo a yankin a yau masu tozo ne, wanda hakan yake nuna cewa masu zanen sun rayu da wani irin garke daban. Kusa da zanen Fagg ya tarar da duwatsu masu amo, wato duwatsun da idan aka buga su da ƙaramin dutse suke ba da sauti irin na ƙarfe, jikinsu duk gurabun da dukan shekaru da yawa ya bari, ya kuma ruwaito cewa a lokacinsa amaren garin sukan ziyarci ɗaya daga cikin waɗannan wurare gab da aure. Mutanen da suka zo daga baya sun tarar da abin da ba su suka yi shi ba, sai suka ba shi gurbi a cikin rayuwarsu, kuma ta irin wannan hanya ce ake ɗinka wa tsohon abu sabon labari.

Labarin da ya fi kowanne daɗin ji a Tarihin Kano shi ne na Dirki. An fara shi a zamanin Muhammadu Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1582 zuwa 1618, kuma asalinsa Alƙur'ani ne da aka naɗe cikin fatar akuya, daga baya aka riƙa ƙara masa fatun shanun da ake yanka masa, har ya zama wani ƙaton ƙunshi da fada take ganin zaman lafiyar gari yana tattare da shi. Da aka zo zamanin Muhammadu Alwali, wanda ya hau a 1781, yunwa ta addabi ƙasa, manyan gari suka matsa masa ya yi wa Dirki yanka kamar yadda kakanninsa suka saba, sai ya ƙi. Ya tura samari da gatura suka sassare fatun nan ɗaya bayan ɗaya, can a tsakiya sai ga Alƙur'ani mai kyawun rubutu, mutane kuwa suka ce masa za a fitar da shi daga ƙasar kamar yadda ya fitar da Littafin daga cikin Dirki. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804, jama'arsa suka kori Alwali daga birni, ya ƙare a Burumburum da ke kudancin Kano inda aka kashe shi a 1807.

Ba gatari ne ya kayar da sarautar Haɓe a Kano ba, abin da ya kayar da ita shi ne yaƙi da rarrabuwar kan fada da nauyin haraji da wa'azin malamai. Duk da haka babu wani bayani da ya kama halin wancan zamani a taƙaice kamar wannan ƙunshi, Littafin Allah a ciki, fatun hadaya a waje, wanda shi ne ainihin cakuɗa Musulunci da al'adun gargajiya da masu jihadi suka riƙa zargin sarakunan Hausa da shi. Wani abin lura kuma shi ne labarin bai sauƙaƙa wa kowane ɓangare ba. Alwali ne ya aikata abin da mai gyara zai so a aikata, shi ya ƙi ci gaba da yanka kuma shi ya fito da Alƙur'ani fili, amma labarin ya mai da wannan aiki sanadin faɗuwarsa. Ana iya jin muryar tsofaffin bayin fada a ciki suna cewa sarki ya tozarta abin kakanni sai ƙasa ta kuɓuce masa, ana kuma iya jin muryar malamai suna cewa lokacin ɓoye Littafi ya wuce, kuma mai yiwuwa don ya gamsar da ɓangarorin biyu ne ya rayu har aka rubuta shi a ƙarƙashin mulkin waɗanda suka ci nasara.

A wajen ƙasar Hausa, dabbobin da sarakuna suke aika wa juna sun haifar da labarai masu yawa. A 797 Sharlaman, sarkin Farankawa wanda daga baya aka naɗa shi babban sarkin yammacin Turai a shekarar 800, ya tura jakadu zuwa ga Halifa Haruna Rashid na Bagadaza, biyu daga cikinsu suka mutu a hanya, sai wani Bayahude mai suna Ishaƙu ya komo shi kaɗai yana jan giwa da ake kira Abul Abbas. Sun biyo ta Arewacin Afirka, aka ɗora giwar a jirgin ruwa zuwa Italiya a 801, ta yi zaman hunturu a can saboda ƙanƙarar da ta rufe duwatsun Alps, ta isa Aachen a watan Yulin 802, ta kuma rayu a cikin sanyin Turai har 810. A 807 wani ayarin ya kawo agogon tagulla mai aiki da ruwa, wanda yake sakin ƙananan ƙwallaye su faɗa kan faranti su yi ƙara daidai da adadin sa'o'i, ga kuma mahaya dawaki goma sha biyu da ke fitowa ta ƴan tagogi. Littattafan tarihin Farankawa ne suka adana wannan duka, marubutan Larabawa na lokacin ba su ambaci al'amarin ba, wannan shirun kuwa shi kansa bayani ne game da yadda Bagadaza take kallon Turai a wancan ƙarni. Masana suna danganta zumuncin da cewa sarakunan biyu suna da abokan hamayya ɗaya, wato Umayyawan Andalus da Rumawan Ƙusɗanɗiniya. Irin wannan kyauta ta fito daga kusa da gida ma, domin Ibn Khaldun ya rubuta cewa a 1257 sarkin Kanem ya aika wa al-Mustansir na Tunis raƙumin dawa, jama'a suka yi dafifi don kallonsa, abin da yake tabbatar da cewa hanyar da ta ratsa hamada daga Tafkin Chadi zuwa bakin Bahar Rum tana buɗe kuma fadodin biyu sun san juna.

Hajjin Mansa Musa na Mali a 1324 shi ne labarin Afirka ta Yamma da ya fi yawo a duniya, kuma shi ne ya fi shan ƙari. Al-Umari, wanda ya tattara bayani a Alƙahira shekara goma sha biyu bayan wucewar sarkin, ya ruwaito daga jami'in da ya tarbe shi cewa Musa ya yi ta kawo uzuri don kada ya je gaban Sultan al-Nasir Muhammad, saboda ya san al'adar fadar ita ce baƙo ya sumbaci ƙasa, sai da wani daga cikin mutanensa ya raɗa masa shawara sannan ya yi sujada yana mai bayyana cewa ga Allah da ya halicce shi ya yi ta, Sultan kuwa ya miƙe ya tarbe shi ya zaunar da shi kusa da shi. Game da zinariya, abin da al-Umari ya faɗa shi ne miskali, wato ma'aunin zinariya na kimanin giram huɗu da ɗoriya, wanda bai saba sauka ƙasa da dirhami 25 ba, ya koma bai wuce 22 ba. Wannan faɗuwa ce ta gaske kuma ta daɗe, amma ba rugujewar tattalin arzikin Masar ba ce kamar yadda masu ba da labari na zamani suke faɗa, haka nan adadin dalolin da ake liƙa wa dukiyarsa ba su da tushe a cikin kowane tsohon littafi. Ɓangaren da aka fi mantawa shi ne sarkin ya kashe abin hannunsa har sai da ya ci bashi daga attajiran Masar kafin ya koma gida.

Ko a ƙarni na 20, da takardun gwamnati da jaridu suke ko'ina, labari bai daina rinjayar tarihi ba. A watan Nuwamban 1932 gwamnatin Ostireliya ta tura wasu sojoji ƙarƙashin Manjo Meredith, da bindigogi biyu masu ruwan harsashi samfurin Lewis da harsashi 10,000, zuwa gundumar Campion a yammacin ƙasar, don su yaƙi emu, wani babban tsuntsu mai kama da jimina wanda ba ya tashi amma yana da gudu. An ƙiyasta tsuntsayen da kusan 20,000. Da an buɗe wuta sai su watse ƙungiya-ƙungiya, da aka yi musu kwanton ɓauna a bakin wani madatsin ruwa bindiga ta cije, da aka ɗora ta a mota kuma girgizar hanya ta hana saiti, har aka janye sojojin a watan Disamba bayan sun ba da rahoton kashe 986. Ana ba da labarin a matsayin yaƙin da tsuntsaye suka ci soja, amma waɗanda suka nemi a turo sojojin tsofaffin mayaƙan Yaƙin Duniya na Ɗaya ne da aka raba musu filayen da ba su da albarka sosai, farashin alkama ya faɗi saboda karyewar tattalin arzikin duniya, sannan tsuntsaye suka afka wa ɗan abin da ya rage. Manomin da ya taɓa ganin tsuntsun jan baki ya sauka a gonar gero ko shinkafa ana gab da girbi ya san abin da ke ransu.

Shigar irin waɗannan labarai cikin rubutun boko na Hausa ta biyo ta hannun Frank Edgar, wanda ya buga tarin tatsuniyoyi da labarai a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, sannan Hukumar Fassara da aka kafa a 1929 ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a ƙarƙashin R. M. East a farkon shekarun 1930, wanda ta hanyarsa ɗaliban makaranta suka karanta Barbushe da Dirki da harshensu. Abubakar Imam ya nuna a Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, yadda za a ɗauko labarin Gabas ko na Turai a sanya masa riga da hula har mai karatu ya ɗauka a unguwarsu aka yi. Gwanintar da ta dace da ƙagaggen labari tana da haɗari idan aka kai ta ga tarihi, domin abin da ake fara yarwa shi ne sunan wanda ya ruwaito da shekarar da ya rubuta.

Labarin da ya fi shafar Birnin Kudu da Gwaram kai tsaye shi ne na Malam Hamza. Wajen 1846, a farkon sarautar Sarkin Kano Usman, wannan malami da wasu almajiransa da abokansa suka bar Tsakuwa da ke kudu da birnin Kano bayan sun ƙi biyan kuɗin ƙasa, wato harajin da ake ɗora wa magidanci saboda gonar da yake nomawa, wanda suke ganin ba shi da gurbi a shari'ar da aka yi jihadi dominta. Suka shige duwatsun Ningi, cikin Butawa da Warjawa da Fa'awa da maƙwabtansu, al'ummomin da ba Musulmi ba ne kuma da yawansu suna ƙarƙashin amana, wato yarjejeniyar da suke biyan Bauchi gandu a bar su da addininsu da garuruwansu. Baƙo mai allo da tawada ba shi da runduna, ba shi da dangi a wurin, kuma a nan ne labaran da Adell Patton, masanin tarihi Ba'amurke da ya yi bincike a Ningi a shekarun 1970, ya ji daga bakin dattawa suke shigowa. An ce Malam Hamza yakan jefa tabarmarsa sama ta tsaya cik a iska ya hau ya zauna a kai, an kuma ce yakan miƙe harshensa ya zagaya da shi kansa har ya zama rawani, mutanen dutse kuwa da suka ga haka suka tabbata cewa wanda ya iya wannan zai iya kare su daga dawakin Bauchi.

Abin da ba a jayayya a kansa shi ne al'ummomin da suka saba zama kowa a kan dutsensa sun haɗu a bayan wasu malamai Hausawa, sun daina biyan gandu, sun yi fito-na-fito da Sarkin Bauchi Ibrahim. Wannan haɗuwa tana buƙatar bayani, kuma bayanin da mutanen da abin ya shafa suka bayar shi ne asiri, domin a idonsu malami mai rubutun sha da laya mutum ne mai ƙarfin da ya fi na mashi. Idan kuma aka duba surorin biyu da kyau za a ga ba a zaɓe su da ka ba. Rawani alamar sarauta ce da babba yake naɗa wa na ƙasa da shi, shi kuwa Hamza babu sarkin da ya naɗa shi, da wa'azi da lallashi ya sami mabiya, saboda haka faɗin cewa harshensa ne rawaninsa kwatanci ne da ya dace da yadda ya sami iko. Mutumin da ya bar gida saboda harajin ƙasa kuma, labari ya zaunar da shi a inda babu ƙasar kowa a ƙarƙashinsa. Ko masu ba da labarin sun nufi wannan ko ba su nufa ba, surorin sun zauna daram a kan tarihin mutumin, kuma hakan yana cikin dalilan da suka sa ba su ɓace ba.

Asirin bai hana a kashe Hamza a fafatawa da Bauchi ba shekaru kaɗan bayan isowarsa, amma abin da ya dasa ya kama. Magadansa, musamman Abubakar Ɗan Maje, da Haruna Ƙarami da Gajigi da Ɗan Yaya a bayansa, sun mai da Ningi ƙarfin da ya hana Kano da Bauchi da Zazzau barci har kusan rabin ƙarni. A nan daɗin labarin yake ƙarewa ga mutanen kudancin Kano, domin waɗanda suka gudu daga zaluncin haraji sun koma masu kai hari suna kama manoma da matansu da ƴaƴansu suna kwashe shanu, kuma garuruwan bakin iyaka irin su Birnin Kudu da Gwaram su ne a kan hanyar mahara. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi mulki daga 1855 har farkon shekarun 1880, ya kwashe lokaci mai tsawo yana fita yaƙi da Ɗan Maje kamar yadda Tarihin Kano ya lissafa, aka kuma ƙarfafa ganuwa da ribaɗi, wato garuruwan tsaro da ake zaunar da mayaƙa a cikinsu don su tare iyaka. Mutane da yawa sun bar zaman ƙauye a warwatse sun taru a cikin garu, manomi kuma yakan fita gona da kwari da baka. Hare-haren ba su yanke ba sai bayan da Turawa suka ci Bauchi a 1902 da Kano a 1903, suka shigar da Ningi cikin tsarin mulkinsu. A yau Ningi masarauta ce a Jihar Bauchi, kuma gidan sarautarta yana ɗauke da sunan Ɗanyaya.